Yadda Ake Sayar da Kayan da Suka Yi wa Yara Kaɗan, ko a Ba da Su Sadaka, a Jos

Yaro ba ya jiran kaya su tsufa. Jariri ma ya fi sauri, domin cikin kayan da aka tara masa ranar suna akwai waɗanda ko sau biyu ba zai saka ba sun matse shi. A yawancin gidajenmu ƙani ne ke gadon kayan yayansa, kuma wannan tsari ne mai kyau. Amma idan mace ce ta biyo namiji, ko an sami tazara mai tsawo, ko haihuwa ta tsaya, sai kayan su ƙare a cikin jakar bakko a saman wadirof, shekara da shekaru.

A Jos ajiya irin wannan asara ce. Daminarmu doguwa ce, daga Afrilu har Oktoba, kuma danshi na shiga ko'ina. Kaya su yi fumfuna, robar ƙugu ta saki, fari ya koma rawaya, yayin ɗinkin ya wuce. Ga shi tun da darajar naira ta faɗi a 2023 ko gwanjo ya yi tsada, iyaye da yawa na neman rigar sanyi ɗaya tak su rufa wa yaro asiri. Abin da ke saman wadirof ɗinki kuɗi ne a gare ki, ko sutura ga ɗan wata, kuma kowane wata da ya wuce yana rage masa daraja.

Mataki na farko: a yi shawara a gida

Kafin ki taɓa jaka ko ɗaya, ki yi magana da maigida. Shi ya sayi yawancin kayan, kuma akwai mazan da ke jin nauyin a ce an ga matarsu na sayar da kwancen 'ya'yansu. Ki faɗa masa abin da za a yi da kuɗin, ko takalmin makaranta ne, ko littattafai, ko ɗinkin Sallah. Kuɗin kayan yaro ya fi dacewa su koma kan yaron. Idan kuwa maraya ne a hannunki, kayan da aka ba shi dukiyarsa ce, kuɗinsu nasa ne, ba na cefane ba.

Yaron da ya kai shekara 5 ko 6 shi ma a sanar da shi. Idan akwai rigar da yake ƙauna, a bar masa ita.

Mataki na biyu: rarrabawa

Ki zaɓi ranar da rana ta fito sosai, ki shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ki zazzage komai. A cikin ɗaki ba a ganin tabo. Ki ɗaga kowace riga ki duba wuya, hammata, gwiwa, gindin wando, zif, maɓalli da roba. Sannan ki kasa su huɗu: na ajiya, na sayarwa, na sadaka, da tsumma.

Na ajiya su ne za su yaudare ki, domin kowace riga tana da labarinta a zuciyar uwa. Ki ajiye abin da kika san akwai ƙanin da zai saka cikin shekara ɗaya ko biyu, da abu ɗaya ko biyu na tunawa, kamar kayan ranar suna. Shawul, tawul da bargon jariri suna jure ajiya. Duk abin da ke da roba a ƙugu ko a ƙafa ba ya jurewa.

Tsakanin na sayarwa da na sadaka ne nake so ki tsaya ki yi tunani. Mutane da yawa suna tsince masu kyau su sayar, ragowar da babu mai saye su ce sadaka ce. Aya ta 267 a Suratul Baƙara ta hana mu nufin mummuna mu bayar, abin da mu kanmu ba za mu karɓa ba sai mun runtse ido. Don haka ma'auni ɗaya ne ga kason biyu: za ki iya sa wa ɗanki wannan ya fita unguwa? Idan amsar a'a ce, tsumma ne. Bambancin kawai shi ne abin da ke tafiya a kasuwa da abin da ke biyan buƙatar mabuƙaci. Rigar biki mai duwatsu za ta yi kuɗi, amma yarinyar da ke sansanin gudun hijira ta fi buƙatar suwaita da dogon wando.

Kamfai da singiletin da aka saka ba a sayarwa, ba a bayarwa. Takalmin da dunduniyarsa ta cinye gefe ɗaya ma haka, domin zai karkatar da tafiyar yaron da ya gaje shi.

Mataki na uku: wanki da gyara

A nan ake samun kuɗi ko a rasa. Riga ɗaya, idan ta fito a yamutse tana warin ajiya za a taya ta rabin abin da za a taya ta a wanke a goge.

Ki wanke komai, har wanda aka ajiye a wanke. Farare a jiƙa su daban da ɗan bilic, a ɗauraye sosai. Masu launi a juya bayansu wajen shanya kada rana ta koɗar da su. Fumfunar da ta yi baƙin ɗigo-ɗigo a kan yadi mai launi da wuya ta fita, kada ki ɓata sabulunki a kanta. Da damina ki tabbata kaya sun bushe ƙayau kafin ki ninke, musamman suwaita da jins, in ba haka ba cikin kwana biyu wari zai dawo.

Idan yaron ya yi ƙazuwa ko makero lokacin da yake saka kayan, ko gidan ya yi fama da kuɗin cizo, wankin ruwan sanyi bai isa ba. Ƙwayar ƙazuwa na mutuwa a zafin da ya wuce digiri 50 na tsawon minti 10, don haka a jiƙa da ruwan zafi, a shanya a rana, a goge da dutsen guga mai zafi har cikin ɗinki. Abin da ba ya son ruwan zafi, idan ƙazuwa ce, a ɗaure shi tam a leda na kwana 3 zuwa mako guda, amma wannan ba ya maganin makero ko kuɗin cizo.

Sai maganar kafur, wadda nake roƙon kowace uwa ta riƙe. Mun saba jefa ƙwallayen kafur a akwatin kaya don ƙwari, amma sinadarin da ke cikinsu yana da haɗari ga jarirai. Akwai yara da yawa a ƙasar nan, musamman maza, da aka haifa da ƙarancin wani sinadarin jini da likitoci ke kira G6PD. Irin wannan jariri idan aka sa masa kayan da suka sha kafur, ƙwayoyin jininsa na iya fashewa ya kamu da shawara mai tsanani, wadda takan taɓa ƙwaƙwalwa. Ke ba ki san jaririn da zai saka kayanki ba. Idan sun zauna da kafur, ki wanke su fiye da sau ɗaya, ki shanya a rana har warin ya tafi gaba ɗaya, kuma ki gaya wa wadda ta karɓa. Wanda warin ya ƙi barinsa kada ya je jikin jariri ko kaɗan.

Ƙananan gyare-gyare ki tara su ki kai wa tela lokaci ɗaya: maɓallin da ya cire, kalmasar da ta warware, roba sabuwa. Maɓallin da ke lilo a kayan jariri a ɗinke shi da kyau ko a cire, domin yana iya haɗiyewa. Igiyar hular suwaita ta ƙananan yara ma a zare ta, takan shaƙe wuya. Idan kuɗin gyara zai kai rabin kuɗin rigar, a bar gyaran. Yunifom kuwa a cire sunan yaronki daga jikinsa.

Bayan guga, ki ninke su bisa shekaru da jinsi: wata 0 zuwa 6, wata 6 zuwa 12, shekara 1 zuwa 2, haka har sama. Ɗinkin tela ba shi da lamba, sai ki auna tsawo da ƙugu da tef ki rubuta a ɗan salatif ki manna.

Mataki na huɗu: sa kuɗi

Ki manta da abin da kika saya. Mai saye ba ruwanta da shi, ita tana kwatanta kayanki ne da abin da za ta samu a gwanjo. Don haka kafin ki sa kuɗi, ki shiga kasuwar Katako ko gefen Taminus ki taya irin kayanki, ki ji nawa ake sallamar da na farkon dila, nawa ake sallamar da na tari a ƙasa. Naki ya zauna ƙasa da na farkon dila kaɗan.

Abin da na ga yana tafiya shi ne kashi ɗaya bisa uku na kuɗin sabo a yau ga kaya masu kyau, rabi ga wanda ba a taɓa sakawa ba ko aka saka sau ɗaya, kashi ɗaya bisa huɗu ga wanda ya sha wanki. A ce rigar sanyi sabuwarta naira 9,000 ce yanzu, taki mai kyau ki sa 3,500 da niyyar sallamawa a 3,000. Ki bar gurbin ragi, domin mutanenmu ba sa jin daɗin ciniki in ba a rage musu ba, amma kada ki ninka kuɗi har mai saye ta juya ba tare da ta taya ba.

Ɗinkin shadda da atamfa da leshi yana da nasa hukunci. Kuɗin ɗinki ya riga ya tafi, yadin ake saye da kyan aikin. Kaftanin yaro mai aiki a wuya, da hularsa, yana samun mai so kafin Sallah. Ƙananan abubuwa kamar safa, hular jariri da wandunan gida ba sa tafiya ɗai-ɗai, a haɗa su biyar-biyar a leda, ko a riƙe su a matsayin gyara ga wadda ta yi ciniki mai yawa.

Duk aibin da kika sani ki faɗe shi, ko ɗan tabo ne a ƙasan hannu. Hadisi ya tabbata cewa mai saye da mai sayarwa idan suka yi gaskiya suka bayyana, ana sa musu albarka a cinikinsu. Kuma Jos gari ne da kowa ya san kowa, wadda kika ɓoye wa yagewa yau gobe za ku haɗu a gidan suna.

Mataki na biyar: lokaci

Jos na kan tudu, kusan mita 1,200 sama da teku, shi ya sa kayan sanyi ke da kasuwa sau biyu a shekara, wato tsakiyar damina wajen Yuli da Agusta, da kuma hunturu. Don kasuwar hunturu ki fito da su a Oktoba ko farkon Nuwamba, kafin sanyin Disamba da Janairu ya sauka. Yunifom, sandal da jakar makaranta a ƙarshen Agusta, kafin a koma sabuwar shekarar karatu a Satumba. Kayan ado daga tsakiyar azumi, lokacin da teloli suka daina karɓar ɗinki. Idan kina hulɗa da maƙwabta Kiristoci, farkon Disamba suna neman kayan yara na Kirsimeti. A kowane hali ƙarshen wata ya fi, lokacin da albashi ya shigo.

Mataki na shida: zaɓar hanya

Tsohuwar hanyarmu ita ce dillaliya, kuma har yau ita ta fi ga wadda ba ta son a san kayan daga ina suka fito. Ki zaɓi wadda aka sani a unguwa. Ku ƙirga kayan tare, ki rubuta kowanne da kuɗinsa a littafi. Ku yanke tun farko ko la'ada za ki ba ta, ko ita za ta ɗora nata a kan kuɗinki, domin rashin yanke wannan ne ke kawo rigima. Ku sa ranar da za ta dawo da kuɗi ko da kaya, kuma kada ki ba ta jaka guda a karon farko.

Hanya ta biyu waya ce: sitatus na WhatsApp, zauren matan unguwa ko na iyayen yara, Facebook, ko shafin saye da sayarwa na Jiji. Ki ɗauki hoto da hasken rana a kan zanin gado marar ado, gaba da baya, da wurin aibi in akwai. Ki rubuta shekaru, awo da kuɗi a ƙarƙashin hoton don ki huta da amsa tambaya ɗaya sau ashirin. Kada ki sa hoton ɗanki sanye da kayan, kada kuma ki rubuta kwatancen gidanki a fili. Baƙuwa ku haɗu a wuri mai jama'a da rana, ko ki aika da mai keken da kika sani bayan kuɗi sun shigo. Saƙon alat ba shaida ba ne, akwai na bogi. Ki buɗe manhajar bankinki ki ga kuɗin da idonki.

Hanya ta uku ita ce baje koli a gida. A Amurka mutane kan baza tsofaffin kayansu a farfajiyar gida ko bakin gareji da safiyar Asabar, duk mai wucewa ya tsaya ya saya. Wannan bai dace da gidan Bahaushe yadda yake ba, ba za ki buɗe ƙofa ga duk wanda ya ga dama ba, kuma yanayin tsaro bai ba da haka ba. Amma idan aka gyara shi yana aiki sosai.

Ku haɗu ku huɗu ko biyar, 'yan uwa, ko abokan adashe, ko 'yan aji ɗaya a Islamiyya. Kayan mace ɗaya ba sa tara jama'a, na mata biyar kuwa za a sami kowane shekaru, kuma kunyar ta ragu tunda babu mai sanin rigar wace ce. Ku nemi tsakar gida mai faɗi, ko harabar Islamiyya da izinin shugabanta a ranar da babu karatu. Ku sanar mako guda kafin ranar, baki da baki da kuma ta WhatsApp, ku ce ta mata ce zalla. Asabar daga ƙarfe 10 zuwa la'asar ta fi, a kauce wa Juma'a da ranar da ake biki ko suna a layin. Da damina a fara da wuri kuma a tanadi rumfa ko baranda, domin ruwan Jos ya fi sauka bayan azahar. Idan kuna sa ran jama'a da yawa, maigidan ya sanar da mai unguwa.

Ranar, a kulle ɗakuna, a bar ƙofa ɗaya ta shiga da fita. A ɗaura igiyar shanya a rataye mafi kyau a hanga daidai inda ido zai fara sauka. Sauran a kan tabarmi, kowace tabarma da shekarunta, maza gefe, mata gefe. Takalma a jere, a ɗaure kowane ƙafa biyu. A ware babban baho ɗaya na kuɗi ɗaya, misali komai naira 500, domin mata na son tono, kuma a nan ƙananan kaya ke ƙarewa. A ajiye tef ɗin awo ga wadda ba ta zo da ɗanta ba.

Kowace mai kaya ta sami alamarta a jikin salatif, harafi ko launin biro. Mace ɗaya ce za ta riƙe kuɗi da littafi, tana cire salatif tana mannawa a shafin mai kayan, da yamma lissafi ya fito ba gardama. A tanadi canji na 100, 200 da 500 tun daren jiya, da ledoji, da lambar asusu ɗaya ta masu tiransifa. Kowa ta faɗa wa mai riƙe kuɗi iyakar abin da za ta iya sallamawa, don kada a yi ta kiranta kan kowane tayi.

Bashi shi ne abin da ke kashe irin wannan taro. Ku yanke tun farko cewa babu, ku faɗa da murya ɗaya. Wadda ke so amma kuɗinta bai cika ba ta ba da kafin alƙalami a ajiye mata kwana uku. Idan kuwa kin ga mai buƙata ce da gaske, tana juya riga tana mayarwa, ki ja ta gefe ki ba ta kyauta, ya fi ki bi ta bashin da zai ɓata zumunci. Bayan azahar a fara ragi, awa ta ƙarshe a karya kuɗi rabi. Abin da ya rage kada ya koma saman wadirof, a haɗa shi da kason sadaka.

Mataki na bakwai: bayarwa

Na kusa ne farko, dangi da maƙwabta, sai dai a nan ake buƙatar hikima. Ba a aika wa mutum kwance a gaban jama'a. Ki ninke, ki sa a leda mai kyau, ki kai da kanki ko ki kira ta ɗaki ki ce, "Yaya, ga wasu kaya sun yi wa na wajena kaɗan, har yanzu da sauransu, ko za ki duba wa su autanki?" Idan ta ce a'a, kada ki ji haushi. Idan 'ya'yan abokiyar zama ne, ya fi kyau abin ya biyo ta hannun maigida.

Akwai abin da manya ke mantawa. Yaro ya ga rigarsa a jikin abokin wasansa, sai ya ce "ai tawa ce" a tsakiyar layi, ɗan mutane ya koma gida da kuka, ya ƙi sake saka ta. Ki ja wa 'ya'yanki kunne sosai, idan kuma ƙanana ne da ba za su riƙe ba, kayan da aka san su da su a kai wata unguwa. Na Unguwar Rogo su tafi Rikkos ko Bukuru. Ke ma kada ki taɓa ambata, ko da wasa, domin aya ta 264 a surar nan ta Baƙara ta ce gori yana ɓata sadaka.

Wasu na tsoron ba da kayan 'ya'yansu don kada a yi musu asiri da su. Mai wannan damuwa ta wanke kayan, ta riƙe wa 'ya'yanta addu'o'in safe da yamma, ta bayar ta hannun wanda ta amince da shi zuwa nesa. Tsoro bai kamata ya sa kaya su ruɓe a jaka ba alhali yara na kwana cikin sanyi.

Almajirai na buƙatar suwaita, dogon wando, hular sanyi, safa da bargo, na maza daga shekara 6 zuwa sama. A kai wa malamin tsangayar ya raba, in an miƙa a ƙofar gida manyansu ne ke ƙwacewa. Gidan marayu a kira su tukuna a ji shekarun yaran da ke wurin. Kayan jarirai a tambayi ungozoma ko ma'aikaciyar jinya a asibitin unguwa, sun san matan da ke zuwa haihuwa da zani ɗaya. Rikicin da ya raba mutane da gidajensu a Mangu, Bokkos da Barikin Ladi a 2023 ya bar iyalai da yawa, Musulmi da Kirista, ba su da komai. Don isa ga irinsu a bi ta kwamitin masallaci, ko 'yan agaji, ko ƙungiyar mata irin FOMWAN, ko Red Cross. Kowace jaka a rubuta a jikinta abin da ke ciki, misali "mata, shekara 3 zuwa 5, kayan sanyi", don masu rabo kada su zazzage komai a ƙasa.

Tsumma kuma a cire masa maɓallai da zif masu kyau a ajiye don gyaran gaba. Na auduga a yanka su zama abin goge-goge a kicin, ko a ba makanikai da masu fenti, ko a cusa matashin kai. Kada a ƙona na roba a tsakar gida, hayaƙinsa na cutar da ƙirjin yara. Kada kuma a zuba a kwata ko a rafi, domin tsumma da leda ne ke toshe hanyar ruwa, kuma mutanen Rikkos da Gangare ba su manta ambaliyar Yulin 2012 ba. A ɗaure shi a buhu a ba masu kwasar shara.